Alhudahuda a Bayan Kujerar Baba

Jama'a, ku gyara zama, yau bakina cike yake da magana, ga ni ina danna wayar nan. Duk wadda ta taɓa son namiji marar magana ta matso gaba, ita ce za ta fi gane halin da nake ciki.

Ga sababbin zuwa: ni ce autar gidanmu, Auta ake ce min har sunana na yanka ya kusa ɓacewa. Ina aiki a wani ɗan situdiyo da ke bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Aikina daga safe har yamma bai wuce "ɗago haɓarki kaɗan, rufe baki, kalli nan" ba. Hoton fasfo ke nan. A nan mutumin nan ya same ni. Ya shigo wankin hotuna, na sa memorinsa a kwamfuta ina jiran in ga amarya ko jariri, sai ga tsuntsaye zalla, daga mai dogon wuya sai mai jan ido.

Na ce, "Malam, ba ka da 'yan uwa ne?"

Ya daɗe yana kallon takalminsa kafin ya ce, "Ina da su. Waɗannan ne dai ba sa cewa a goge a sake."

Na yi dariya har mai situdiyon ya leƙo daga ciki. Tun ranar yake ce min Mai Fasfo, ni kuma na ajiye lambarsa da sunan Malam Shiru. A gidanmu kuwa Mai Tsuntsaye suke ce masa, kuma ba da sigar yabo ba.

Aikinsa ke nan, ba wasa yake ba. Yana cikin ma'aikatan da ke kula da tafkin bayan gari da dajin da ke kewaye da shi, shi ke ɗaukar musu hoton duk abin da ya sauka ko ya tashi. Ranar Asabar kuma yana fita da wata 'yar ƙungiya ta masu sha'awa, maza da mata, har da wata tsohuwar nas mai zuwa da kujerarta ta naɗewa. Cikinsu na shiga. Ranar farko na je da kyamarar situdiyo, na hango wani zalɓe a bakin ruwa, na saita, na danna. Ƙaras! Zalɓe ya kwashi ƙafafunsa, duk abin da ke wurin mai fiffike ya bi shi. Tsohuwar nas ta harare ni kamar na kashe mata marar lafiya.

 Malam Shiru kuwa ya buɗe jakarsa ya miƙo min kyamararsa ta biyu, 'yar ƙarama baƙa mai dogon lensi.

"Taki akwai madubi a cikinta, shi ke bugawa yana ƙara," ya faɗa cikin raɗa. "Wannan ba ta da madubi. Danna ki ji."

Na danna. Ban ji komai ba. Na ce ta lalace. Ya nuna min fuskarta, sai ga hotuna jere reras, duk an ɗauka ba tare da ko tari ba. Ya nuna min yadda ake gaya mata ta nemi idon tsuntsu, sai wani ɗan akwatin kore ya fito a cikin tagar leƙawa ya maƙale wa idon duk inda ya juya. Ya ce in na ɗora yatsa rabi-rabi a kan madanni tana riƙe abin da ya faru gab da in danna, saboda tsuntsu ba ya jiran yatsan kowa. Jama'a, a kan kyamara mutumin nan bakinsa ya fi rediyo. Yana ajiye ta kuma sai ya koma kurma.

Da za mu watse ya ce in riƙe ta a wurina in riƙa koyo. Watanni ke nan tana kwana a kan durowata, cikin wani tsohon mayafina.

Akwai tsuntsu ɗaya da ya gagare mu, alhudahuda. Ba ganinsa ne wuya ba, mun sha ganinsa yana caccakar ƙasa da dogon bakinsa. Abin da Malam Shiru ke nema shi ne ya same shi tukkunsa a buɗe kamar mafici, kuma ƙiftawar ido yake buɗewa ya rufe. Mun sha rana, mun sha cizon sauro, kullum sai dai mu dawo da hoton bayansa. A duk zaman nan kafaɗa kusa da kafaɗa, mutumin nan ya kawo min ruwan sanyi, ya ba ni hularsa, ya sayo min batir na biyu, ya tuna ranar da na ce haƙorina na ciwo. Amma kalmar nan guda da kowace mace ke jira, ko da wasa bai taɓa furtawa ba. Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Ina sonsa har ina jin haushin kaina.

To, ran Talata Mama ta tare ni ina goge lensi a tsakar gida.

"Auta, wai shi wannan Mai Tsuntsayen, me ya ce?"

"A kan me, Mama?"

"A kan farashin man fetur. Ke, ki kiyaye ni! A kanki mana."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge. Ta ce an gama, ta gane. Kafin magariba magana ta isa wurin Yaya, wadda ke gidan mijinta amma kunnenta na gidanmu. Ta turo min saƙon murya mai tsawon gaske, ana jin ɗanta yana buga cokali a baya: "Auta, ki ji ni da kyau. Namiji in yana so bakinsa ba ya ciwo. Wannan ya mayar da ke 'yar riƙe masa jaka. Yau zalɓe, gobe shamuwa, jibi ki duba madubi ki ga furfura. Shiru-shiru ba tsoro ba ne, na sani, amma ba sadaki ba ne kuma."

Na so in ce mata ba ta san shi ba. Sai na tuna ni ma ban san abin da ke ransa ba.

Baba ne ya yanke hukunci. Tsohon shugaban makaranta ne, ya yi ritaya amma har gobe in ya yi tambaya sai an amsa da cikakkiyar jimla. Abin da ya rage masa na mulki shi ne 'yar ciyawar da ya shuka a gefen tsakar gida, wadda yake ba ruwa safe da yamma, kuma ko kyanwa ba ta isa ta taka ba. Yana riƙe da tiyo ya kira ni, bai ma dube ni ba.

"Ki gaya wa yaron nan ina son ganinsa ran Lahadi bayan la'asar. In yana da magana ya zo ya faɗa min. In ba shi da ita, ki mayar masa da na'urarsa, zuwa tafki kuma ya ƙare. Kin fahimta?"

"Na fahimta, Baba."

Na shige ɗaki na rubuta saƙo na goge ya fi a ƙirga. Daga ƙarshe na tura masa: "Baba na son ganinka ran Lahadi bayan la'asar." Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya.  Sai ga amsa: "To. Allah ya kai mu." Can kuma wata ta biyo baya: "Kin caja batir?"

Wallahi da yana kusa da na jefe shi da cajar.

Yau Lahadi tun da safe Mama ta tashe ni da shara, kamar shugaban ƙasa za mu tara. An wanke kofunan gilashin da ke cikin kabad tun auren Yaya. An fito wa Baba da kujerarsa mai hannu an ajiye a ƙarƙashin bishiya, bayanta na kallon ciyawa, aka ajiye wa baƙo farar kujerar roba a gabansa. Ni kuwa na canza kaya sau ba adadi. Na sa doguwar riga shuɗiya, Mama ta ce kamar mai zuwa ta'aziyya. Na sa mai ruwan hoda da 'yan duwatsu a wuya, ta ce na cika rawar kai. Na ƙare da mai ruwan zuma da farin mayafi, na ɗiga turare a wuyan hannu, sannan aka sanar da ni cewa ba ma zan fito ba sai an kira ni.

Ya yi sallama a kan lokaci. Na leƙa ta labule, na kusa kasa gane shi. Mutumin da na saba gani da wando mai aljihu goma da takalmi duk taɓo, yau ga shi cikin farar riga mai dogon hannu wadda har yanzu layin ninkin shago bai bar ta ba. Ya yi aski. Ba jaka, ba kyamara, sai ledar lemo da ayaba da ya riƙe da hannu biyu kamar za ta gudu. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ɗosana a bakin kujera.

Daga tagata ina ganinsu ta gefe, amma fuskarsa ta yi min nisa, kuma fuskar nake son karantawa. Kun san me na yi? Na kwance tsohon mayafin nan, na ɗauko kyamarar, na zura bakin lensi ta ƙasan labule na ɗora a kan taga. Abin da ba ya ƙara ai ba ya tona asiri. Na murɗa na jawo shi kusa har ina ganin zufar da ke tsattsafo masa a goshi.

Baba ya fara da sharar fage. Ina mahaifinka, me ka karanta, aikin naka ana biyan fansho? Yana amsawa a gajarce, Baba na gyara masa jimla. Ni kuma ina fama da kyamara, domin ta ƙi tsayawa a fuskarsa. Ashe tun jiya a tafki na bar ta a kan neman idon tsuntsu, ɗan'adam bai dame ta ba. Akwatin koren nan ya yi ta yawo, ya hau ganye ya sauka, can sai ya yi tsalle ya wuce kafaɗar Baba ya maƙale a cikin ciyawa.

Na bi shi da ido. 

Alhudahuda ne, jama'a. A cikin ciyawar Baba, taku kaɗan daga ƙafar kujerarsa, yana caccakar jiƙaƙƙiyar ƙasa hankali kwance, fiffikensa zane-zanen baƙi da fari, hasken yamma ya sauka a kansa kamar an biya shi. Abin da muka sha rana muna nema ya biyo mu har gida. Yatsana ya hau madanni da kansa, rabi-rabi, yadda aka koya masa.

A daidai lokacin Baba ya gyara murya ya ce, "To, samari, mu zo kan magana. Me ke tsakaninka da 'yata?"

Na ɗago ido ɗaya daga kyamara na dubi Malam Shiru, ina addu'a a zuci: kar ka gani, don Allah kar ka gani, ka dubi Baba. Ina! Idonsa ya riga ya tsallake kafaɗar Baba. Na ga wuyansa ya sandare, na san wannan sandarewar, na sha ganinta a bakin tafki. A hankali ya ɗaga tafin hannunsa a gaban fuskar mahaifina, mutumin da malamai ke miƙewa tsaye in sun ji takunsa, ya ce cikin raɗa:

"Shhh. Baba, kar ka motsa."

Inna lillahi.

Baba ya daskare da kofi a hannu, ƙafa ɗaya a ɗage daga cikin silifas. Leɓensa kawai ya motsa. "Mene ne?"

"Yana bayanka. Kar ka juya. A hankali."

"Babba ne?"

"Cikakke ne, Baba. Ban taɓa samunsa kusa haka ba."

Mama na fitowa daga kicin da faranti ta ji wannan, ta ga mijinta ya ƙame kamar gunki. Ta saki faranti ta ƙwalla ƙara, "Maciji! Jama'a ku kawo ɗauki, maciji!" Kofunan auren Yaya suka tarwatse a siminti. Baba ya yi wani tsalle da ban san yana da sauransa a jiki ba, ya dira a gefen kujerar baƙo. Tsuntsu ya firgita, tukkunsa ya baje gaba ɗaya, ya buɗe fiffike. Na danna na riƙe. Na san na makara, na duba fuskar kyamara da sauri, sai ga shi, ta riƙe min abin da yatsana ya rasa: tukku a buɗe tar, ɗigon baƙi a kan kowane gashi, ido fes kamar ƙwayar tsakiya.

Ban san lokacin da na yaye labule na leƙo da kai ba. "Na samu! Malam, na same shi a buɗe!"

"Ya fito da kyau? Idon ya zauna?"

"Ya zauna daram!"

Sai a lokacin na lura da shirun da gidan ya ɗauka. Mama na tsaye hannu a ƙirji. Baba na tsaye da silifas ɗaya, shayi ya ɓata masa gaban riga, yana duban tagata, yana duban baƙonsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A raina na ce shi ke nan, Auta, kin kashe aurenki da bakinki, kuma a kan tsuntsu.

"Fito," in ji Baba. "Da abin hannunki."

Na fito ina harɗewa da rigata. Ya karɓi kyamarar, ya zauna, ya ciro tabarau daga aljihu. Na nuna masa inda zai danna. Ya kalli hoton ya daɗe. Ya matsa gaba, sai ga nasa: shi a sama, ƙafa ɗaya a iska, baki a buɗe. Na runtse ido. Na ji ya yi wani ɗan tari, gefen gashin bakinsa ya motsa, ya yi sauri ya haɗe rai.

"A ciyawata ya sauka," ya faɗa, kamar mai sanar da sakamakon jarrabawa.

"Saboda tana samun ruwa ne, Baba," in ji Malam Shiru daga durƙushe. "Ƙasar ta yi laushi, akwai tsutsa. Ba ko'ina yake sauka ba. Ka yi haƙuri, Baba, wallahi ban san na yi ba."

Mama ta ce, "Ka san ka yi mana! Ka kusa sa min hawan jini a kan abin da bai kai tafin hannu ba." Tana tsince gilashi tana mita, amma na ga kafaɗarta na girgiza.

Baba ya cire tabarau. "Tunda nake, ba wanda ya taɓa ce min shhh a cikin gidana. Wannan za mu dawo kansa. Amma na yi tambaya, kuma ba a amsa min ba."

 Malam Shiru ya dubi ƙasa, ya dubi fasasshen kofi, ya ce da muryar da da ƙyar ta fito, "Aurenta nake so, Baba, in za a ba ni."

"Ka gaya mata?"

Shiru.

"Auta, ya gaya miki?"

"A'a, Baba."

"To ni za ka aura da ka fara da ni?" Baba ya miƙe, ya rataya kyamarar a wuyansa. "Na lura ku biyun nan in ba a bayan na'urar nan ba ba ku iya kallon mutum. Yau a wurina za ta zauna. Ga ta nan, ga ka. Cikakkiyar jimla nake so." Ya ja silifas ɗinsa ɗaya ya shige falo, ya yafito Mama da hannu.

Aka bar mu daga ni sai shi sai ledar ayaba. Na zauna a bakin kujerar Baba ina murza gefen mayafi. Shi ma hannuwansa sun rasa wurin zama, ya sa a gwiwa, ya cire, ya harɗe, ya warware.

"Mai Fasfo."

"Na'am."

"Ni a aikina an koya min in ka ga abin da kake so, kar ka matsa, kar ka yi magana, ka jira ya saba da kai. In ka yi gaggawa ya tashi, ƙila ba zai dawo ba." Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. "Tsoro nake ji ki tashi. Ina sonki tun ranar da kika kori zalɓen nan. Za ki aure ni?"

Ni da na shafe watanni ina zaginsa a zuci kan rashin magana, ni da na tanadi amsoshi kala-kala a gaban madubi, na buɗe baki, ko iska ba ta fito ba. Hawaye ne kawai suka zubo suka ɓata min kwalli. Ya rikice ya fara laluben aljihu, bai samu komai ba sai ɗan ƙyallen goge lensi, ya miƙo min.

Daga tagar kicin muryar Mama ta ratso, "Ke, ki amsa wa bawan Allah mana, ƙafata ta gaji da ɗage!"

Na rufe fuska da ƙyallen ina dariya ina kuka. Na ce, "Zan aure ka. Da ka tambaya tuntuni da ka huta da sayen batir."

Ya sauke wata ajiyar zuciya kamar wanda ya sauke buhu. Ya fara murmushi, bai kai ga gamawa ba muryar Baba ta fito daga falo, irin wadda yake kiran ɗalibi ofis da ita.

"In an gama, shi ya shigo. Shi kaɗai. Saura maganar shhh."

Ya miƙe, ya gyara farar rigarsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa. Kafin ya ɗaga labule ya waiwayo ya dube ni. Ya shiga, Baba ya tura ƙofa da kansa.

Baba bai ce ya ba shi ba, bai ce ya hana shi ba. Yaya ta kira ni har wayar ta yi zafi, ban ɗauka ba. Ina zaune a bakin ciyawar nan nake rubuta muku wannan, rana ta kusa faɗuwa, takalminsa na nan a bakin ƙofa. Yanzun nan na ji wani sauti daga falo, na kasa tantance dariya ce ko gyaran murya, kuma Mama ta fito da sabon faranti ta wuce ni ta ƙi yarda mu haɗa ido.